Waƙafin da na manta da shi

Ranar Talata ce a cikin watan Yuni, kwana biyu bayan mun raba wa yara bultan na ƙarshen shekara. Ina ɗakin kwamfuta ina kakkaɓe ƙura sai maigadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Da na fito na tarar da wata ɗalibata ta ajin katiriyam tsaye da mahaifiyarta a gindin bedin da ke bakin buro. Yarinyar na rungume da baƙar leda cike da takardu.

Bayan mun gaisa ta ce: "Mushe, bultan ɗina ba daidai yake ba."

Na ba ta amsar da yanzu nake jin kunyar tunawa. Na ce kwamfuta ce ta yi lissafin, ita kuwa ba ta son kowa, ba ta ƙin kowa.

Ta ce: "Mushe, kai ka koya mana yadda ake fitar da mwayen. Na yi sau uku, 10,21 nake samu. Takarda ta ce 9,86."

Mahaifiyar ta karɓe: "Malam, ni ban yi boko ba, ban san abin da ke rubuce ba. Abin da na sani, babanta ya ce in ta faɗi ba shi da kuɗin maimaita aji. Don Allah ka duba mana."

Duk malami da duk mai ɗa a makaranta ya san abin da ke tsakanin 9,86 da 10,21. A wurinmu 10 bisa 20 ita ce ƙofar aji na gaba. Na karɓi ledar, na zauna da bik da takarda kamar yadda nake sa su yi a aji. Kowace takardar gwaji tana nan a ninke, da jan rubutun malamin da ya gyara ta. Na tara, na ninka, na raba. Abin da ta samu shi na samu.

Laifin nawa ne, shi ya sa nake ba da labarin. Kuma daga baya na gano cewa irin wannan laifi sananne ne a wurin masu kula da manyan kwamfutoci, suna da dabarar kauce masa. Tunda yanzu makin ƴaƴanmu da kuɗin makaranta da sunayensu duk suna komawa cikin na'ura, ina ganin ya kamata malamai da iyaye su san yadda abin ke lalacewa.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a Damagaram, mai firamare da kwaleji da lise a harabar guda. A irin makarantunmu, duk wanda aka ga ya gyara firinta sau ɗaya shi ke nan ya zama injiniya. Haka aka miƙa mini makullin ɗakin kwamfuta lokacin da malamin da ke riƙe da shi ya sami aiki a Yamai. Ya bar mini kwamfutoci na yara, da wata babba a kusurwa wadda ba a kashewa, wadda sauran ke zuwa ɗaukar bayani a wurinta. Irinta ake kira uwar garke.

Wannan babbar kwamfuta guda ɗaya ce a ido, amma an raba cikinta. Akwai manhajar da ke yanka ƙarfin inji ɗaya gida-gida, kowane yanki ya zama kamar kwamfuta mai zaman kanta, da nata tsarin aiki, da nata agogo, da nata ma'aji. Ni ina kiran su kwamfutocin inuwa, don ba ka iya taɓa su da hannu. Dabarar tsohuwa ce, kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960 a kan manyan injunansa, yanzu kuma ana samun ta kyauta a manhajoji irin su KVM da Proxmox. Ku ɗauke ta kamar gidan haya: katanga ɗaya, famfo ɗaya, mitar kuran ɗaya, amma kowane ɗaki da ƙofarsa da makullinsa. Mu muna da ɗaki huɗu. Uku na ajiye makin yara, ɗaya na firamare, ɗaya na kwaleji, ɗaya na lise. Na huɗun laburare ne, yana ɗauke da Wikipedia ta hanyar Kiwix don yara su yi karatu ba tare da intanet ba.

Amfanin rabawar a fili yake. Makarantar da ba ta iya sayen inji huɗu ta sayi ɗaya, kuma in ɗaki guda ya sami matsala sauran suna ci gaba da aiki. Sai dai kowane ɗaki yana da saitinsa, ɗaruruwan ƙananan zaɓuɓɓuka da wani ya yi wata rana: wane harshe, wane agogo, wa aka yarda ya shiga, ƙarfe nawa ake kwafar ajiya. Ɗakunan maki ukun nan ya kamata su zama iri ɗaya sak, tunda aiki ɗaya suke yi. Wanda na gada ya saita su da hannunsa, kuma abin da ya yi yana cikin kansa, ya tafi da shi Yamai.

A watan Afrilu, cikin tsananin zafi, kuran ya yi ta ɗaukewa yana dawowa. Baturan da ke riƙe wa babbar kwamfuta wuta sun tsufa, na daɗe ina cewa zan rubuta a canza su. Wani dare ta mutu tana tsakiyar rubutu, da safe ɗakin kwaleji ya ƙi buɗewa. Ban firgita sosai ba, domin ina da kwafin dukan makin a waje. Na ce zan gina sabon ɗaki in zuba su ciki. Na zauna bayan sallar isha'i, da shayi da fitilar salula, ina danna "ci gaba, ci gaba" a duk tambayar da na'ura ta yi mini. Kafin asuba komai ya tashi. Sunayen yara suna nan, makin baya suna nan. Darakta ya yaba mini a gaban malamai.

Cikin tambayoyin da na tsallake akwai ta harshe da yanki. Na bar ta a Ingilishi, yadda ta zo. Ban ga illa ba, tunda manhajar makin da Faransanci take nuna komai ko da me aka zaɓa. Abin da ban sani ba, wannan zaɓi shi ke gaya wa kwamfuta yadda za ta karanta lamba. Mu nan, a tsarin Faransanci, muna rubuta 9,75 da waƙafi, abin da muke cewa birgil a aji. Masu Ingilishi, har da maƙwabtanmu na Najeriya, suna rubuta 9.75 da ɗigo. Malamai suna cika maki a kwamfutocinsu, su kawo mini a kile, in zuba. Ɗan shirin da ke karanta makin yana bin harshen ɗakin da yake ciki. A ɗakin firamare da na lise, in ya ga 9,75 ya gane. A sabon ɗakin kwaleji, in ya karanta 9 ya ci karo da waƙafi, sai ya ɗauka lamba ta ƙare nan, ya ajiye 9 ya wuce. Ba ya kuka, ba ya nuna jan rubutu. Haka 12,5 ta zama 12, 10,75 ta zama 10, tun daga Afrilu har Yuni.

Akwai alama, na gan ta ma. Bultan na kwaleji sun fito da ɗigo a inda na lise ke da waƙafi. Na lura ranar da nake buga su, na ce a raina ƙaramin abu ne, zan gyara a bakansi.

Da na gama lissafin yarinyar na shiga wurin darakta da takardun biyu. Ya daɗe yana kallon su, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Yara nawa?" Kwana biyu muka yi da malamai uku muna sake zuba makin kwaleji duka. Kusan kowane yaro an rage masa wani abu, amma yawancinsu bai canza musu komai ba. Goma sha ɗaya ne aka kayar alhali sun ci. Muka sake buga bultan, muka kira iyaye. Yaro guda har ya tafi ƙauye noma da labarin cewa ya faɗi, sai ta hannun wani direba a tasha muka aika masa.

Gidan yarinyar da kaina na je. Mahaifinta tela ne, na same shi a kan keke. Na yi bayani iyakar iyawata, na ba da haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi sabuwar takardar, ya juya ta, ya ce: "Mushe, da a ce yarinyar nan ba ta da taurin kai fa?" Ban sami abin cewa ba. A cikin goma sha ɗayan nan ita kaɗai ta zo. Sauran sun karɓi takarda sun yi shiru, domin kwamfuta ce ta faɗa.

Da aka shiga bakansi na ɗauki kayye, na raba shafi gida uku, na bi ɗakunan makin ɗaya bayan ɗaya ina rubuta saitin kowanne. Na zaci waƙafin nan kaɗai zan samu. Agogon ɗakin kwaleji yana kan GMT, awa ɗaya baya da agogon Nijar. Ɗakin lise ya daina kwafar ajiyar dare tun watanni, saboda wani gyara da na yi da hannu na manta. A ɗakin firamare sunan malamin da ya tafi Yamai yana nan da cikakken iko. Shi kuma ɗakin lise an bar shi a kan wani tsohon tsarin haruffa da ake kira Latin-1, wanda ya san é da ç na Faransanci amma bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Nan na gane abin da ya sa sanarwar da muke rubuta wa iyaye da Hausa ke fitowa da alamar tambaya a farkon "ƙarfe" da "ɗalibai". Tsarin UTF-8 ne ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa, sauran ɗakuna biyun a kansa suke. Tunda a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ina kyautata zaton ofisoshi da yawa za su ci karo da wannan.

Babu wanda ya zauna ya ce bari in bambanta su. An gyara wannan yau don a fita daga wata matsala, an gyara wancan gobe, ba a rubuta ba. Masu sana'ar suna kiran wannan zamewar saiti. Malamai sun san irinsa: ka rubuta darasi a tablo, yaro ya kwafa, wanda bai zo ba ya kwafa daga kayyensa, na uku ya kwafa daga na biyu. Ranar da ka karɓi kayye ka duba, sai ka ga darasi uku.

Kada a ce ƙaramar makaranta ce da malamin lissafi shi ya sa. A ranar 1 ga Agusta 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka mai suna Knight Capital ya sa sabon shiri a injunansa takwas. Ma'aikacin da ke kwafa ya sa a bakwai, ya tsallake ɗaya. Da aka buɗe kasuwa a New York, na takwas ɗin ya tashi da tsohon shirin da aka daina amfani da shi, ya yi ta saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dalar Amurka miliyan 400, kuma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, a shekarar da ta biyo aka haɗe shi da wani. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar ta bincika, ta tarar babu mutum na biyu da ya duba aikin, babu kuma rubutacciyar ƙa'ida da ta ce a duba. Da na karanta wannan na ga darena na Afrilu, sai dai su da kuɗi aka auna tasu asarar.

Maganin ya zo mini ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ya zo hutu. Na nuna masa kayyena da alfahari, na ce daga yau duk abin da na saita zan rubuta a nan. Ya yi dariya cikin ladabi ya ce: "Mushe, kayyen yana da kyau, amma wa zai tilasta maka ka bi shi ƙarfe biyu na dare?" Ya ce a rubuta shi ta yadda kwamfuta da kanta za ta karanta ta aiwatar. Wannan shi ne sikirif, rubutaccen umarni, layi bayan layi, wanda na'ura ke bi ba ta tsallake ko ɗaya, ko ta gaji ko ba ta gaji ba.

Mun fara da mafi sauƙi, jerin umarni a harshen Bash na tsarin Linux: sa harshe Faransanci, sa agogo na Yamai, sa haruffa UTF-8, kwafi ajiya kowane dare. Ya yi aiki a sabon ɗaki. Amma da na sake gudanar da shi a ɗakin da aka riga aka saita, sai ya ƙara layin kwafar ajiya a karo na biyu, ya yi ƙoƙarin buɗe sunan da ke nan tuni ya tsaya. Umarni irin wannan kamar ka ce wa yaro "zuba tiya biyu a buhu" ne. In ka faɗa sau uku, tiya shida za ka tarar. Abin da ake so shi ne ka ce "buhun nan ya kasance da tiya biyu". Yaro ya duba, in babu ya zuba, in akwai ya bar shi, in ya yi yawa ya rage. Ko sau goma ka faɗa, sakamako ɗaya ne.

A kan wannan tunani aka gina manhajojin kula da saiti. Wani masani mai suna Mark Burgess ya fitar da CFEngine a 1993 yana aiki a Oslo ta ƙasar Norway. Puppet ta biyo a 2005, Chef a 2009, sai Ansible da Michael DeHaan ya fitar a 2012. Masu injunan Windows kuma suna yawan amfani da PowerShell. Mu Ansible muka ɗauka, don kyauta ce kuma ba ta buƙatar a girka wani wakili nata a kowane ɗaki. Tana shiga ta ƙofar SSH, hanyar da ake bi a ba wa kwamfuta umarni daga nesa a ɓoye. Takarda biyu take so. Ɗaya jerin sunayen ɗakuna, an kasa su rukuni-rukuni kamar rajistar aji. Ɗayar kuma bayanin yadda ake so kowane rukuni ya kasance, a wani salon rubutu mai suna YAML wanda ko wanda bai iya shirya manhaja ba zai iya bi da ido. In ta gama zagaye tana ba da rahoto da launi: kore ga abin da ta tarar daidai, ruwan ɗorawa ga abin da ta gyara, ja ga abin da ya gagare ta.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ana iya ce mata ta duba kawai kada ta taɓa komai. Sai ta zagaya ta dawo ta ce ɗaki kaza ya kauce a wuri kaza. Na sa wannan duban yana gudana da kansa kowane dare. Da safe kafin in shiga aji nakan leƙa. In babu abin da ya kauce, in ɗauki alli in wuce.

Wani zai ce me ya sa ba za a gina ɗaki ɗaya mai kyau a yi ta kwafarsa ba, tunda kwamfutar inuwa ana kwafar ta kamar hoto. Ana yi, muna yi ma, yana rage aiki. Sai dai kwafi yana daidaita su ne a ranar haihuwa kaɗai. Daga washegari kowanne ya kama hanyarsa, kamar tagwayen da aka raba gida. Kuma hoton ba ya gaya maka abin da ke cikinsa ko dalilin sa shi. Rubutaccen umarni kuwa kana karanta shi, kana iya rubuta dalili kusa da kowane layi. A saman layin harshe na rubuta: kada a canza wannan, makin yara da waƙafi ake rubuta su.

Su kansu takardun umarnin muna ajiye su a Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, me ya cire, me ya ƙara. In sabon gyara ya ɓata abu, ana komawa na jiya. Kalmomin sirri ba a rubuta su a fili a ciki, akwai hanyar kulle su daban.

Kada in sa ku zaci an gama da kuskure. A watan Nuwamba na ƙara layi guda game da kwamfutocin da aka yarda su shiga ɗakunan maki. Na yi kuskuren lamba ɗaya. Da hannu nake yi, da ɗaki ɗaya zan ɓata. Sikirif ya kai kuskuren ɗakuna uku cikin minti ɗaya, malamai duka suka tarar da ƙofa a rufe ana tsakiyar zuba maki. Na koma rubutun jiya, cikin kwata awa aka buɗe, amma na ji tsoro. Na'urar da ke bin umarni ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta tsallake na banza ma.

Daga nan muka kafa ƙa'idoji uku, aka rubuta aka manna a bango. Mun gina ɗaki na biyar, na gwaji, wanda babu makin kowa a ciki, duk sabon layi can yake fara sauka. Ba na gudanar da canji sai malamar kimiyya ta karanta shi. Ba ta taɓa karatun kwamfuta ba, amma tana tambaya "wannan me zai yi?", kuma sau biyu ina cikin ba ta amsa na ga kuskurena. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta ukun ita ce mafi wuya: ba a gyara ɗaki da hannu, ko da gyaran na daƙiƙa goma ne, sai a rubuta shi a takardar umarni. Na karya wannan ƙa'ida sau ɗaya ina sauri. Washegari rahoton dare ya nuna ɗakin ya kauce, ya tona ni.

Na kuma ƙara wani abu don waƙafin nan musamman. A kowane ɗakin maki akwai ɗalibin ƙarya, wanda ba ya cikin rajista. Kafin a zuba makin gaske, sikirif yana ba shi 9,75 sannan ya tambayi manhaja nawa ya samu. In amsar ba 9,75 ba ce, komai ya tsaya, ba a zuba makin kowa. Layi biyar ne kacal. Da suna nan a watan Afrilu, da ba a kayar da yara goma sha ɗaya ba.

Ribar ta bayyana a zafin da ya biyo. An canza batura, amma faifan ajiyar babbar kwamfutar ya mutu gaba ɗaya. Da aka kawo sabo, na gina ɗakuna babu komai a ciki, na gudanar da umarnin, na mayar da makin daga kwafi. Kafin la'asar an gama, kuma wannan karon ban dogara da abin da na tuna ba. Malamar kimiyya ce ma ta danna, ina tsaye bayanta. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da saurin, domin ni ma wata rana zan bar makarantar, kuma ba na so in tafi da saitin a cikin kaina.

Ƴan uwana malamai, musamman waɗanda aka miƙa wa makulli kamar ni, da daraktoci: ba sai kun koyi Ansible ba kafin ku yi tambayoyin da suka dace. Ku tambayi mai kula da injinku, in ya mutu yau, a ina aka rubuta yadda za a sake gina shi? Bayan kai wa ya iya? Kwafin da kake yi na bayanai ne kaɗai ko har da saiti? Yaushe aka gwada mayar da shi? In amsar ita ce "na san yadda ake yi", to kuna inda nake a daren nan na Afrilu. Kuma kafin a raba bultan, a zaɓi yara biyu ko uku a kowane aji a yi lissafinsu da hannu. Aikin rabin awa ne. Yanzu muna yin sa kowane zango, darakta ne ke zaɓen sunayen.

Ku kuma iyaye, takardar da ta fito daga firinta mutum ne ya saita na'urar da ta buga ta, mai yiwuwa da dare, mai yiwuwa a gajiye. Kuna da haƙƙin ku ce a nuna muku yadda aka samu lambar. Ku sa yaranku su riƙa ajiye takardun gwajinsu har ƙarshen shekara, ko a leda ce. In yaro ya ce lissafin bai yi ba, ku raka shi makaranta, ko da ba ku yi boko ba. Malamin kirki zai zauna ya duba, wanda ya fara da irin amsata ma ku ba shi dama ya zauna.

Yarinyar tana lise yanzu, makinta na ɗakin da ke kusa. Duk shekara in na zo darasin lambobi masu waƙafi a ajin siziyam, nakan rubuta 9,75 a tablo, in goge abin da ke bayan waƙafin da tafin hannu, in tambayi yara nawa aka cuci mai wannan maki. Sukan yi ta ɗaga hannu. In sun ba da amsa sai in gaya musu cewa an taɓa yi a makarantar nan, kuma wanda ya yi shi ne ke tsaye gabansu.